Yadda Ake Gano Cutarwa Tun Ba Ta Yi Nisa Ba Idan Ana Jinya a Gida

Sati uku bayan an sallamo mahaifinmu daga asibiti, inda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, wata nas da ke zuwa duba shi ta zare masa safa ta ɗaga ƙafarsa ta hagu. A diddigensa akwai tabo baƙi mai faɗin kwandala, fatar ta yi luguf kamar tumatir da ya kwana a rana. Ta dube ni ta ce, "Malam, yaushe rabon da a cire masa safar nan?" Lokacin hunturu ne, sanyi muke kare masa. Mu shida ne muke karɓa-karɓar kwana da shi, kuma babu wanda ya yi sakaci da gangan. Kowa dai yana zaton wanda ya kwana jiya ya duba. Baba kuwa ba ya jin komai a wannan ƙafar balle ya yi ƙorafi. Wata biyu muka yi muna wankin ciwon kafin ya rufe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan majinyaci 1 cikin 10 yana cutuwa a wajen neman lafiyar kanta, kuma fiye da rabin wannan cutuwa ana iya kauce mata. A asibiti akwai masu zagayen duba marasa lafiya da fayil da canjin aiki. A gida babu ko ɗaya daga ciki sai in iyalin sun ƙirƙira wa kansu. Cutarwar gida kuma a hankali take shigowa, wanda ya san yadda jikin yake jiya ne kawai zai gane ya canza yau. Ga yadda muka koyi yi, wani daga bakin ma'aikatan jinya, wani daga kuskurenmu.

Mataki na farko: littafi ɗaya, mutum ɗaya

Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka ɗaura masa biro, ya zauna a gefen gadon. Tun ranar sallama, kafin ku bar asibiti, ka tsayar da likita ko nas su gaya maka sunan kowane magani, amfaninsa, lokacin shansa, da alamun da in ka gani dole ka dawo. Ka karɓi lambar wayar da za a iya kira. Kada kunya ta hana ka cewa ba ka gane ba.

A shafin farko ka rubuta yadda majinyacin yake a ranar da ya dawo: yana gane mutane? Yana iya zama da kansa? Cokali nawa yake ci? Sau nawa yake fitsari? Akwai wani ciwo a fatarsa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma bayan sati biyu na rashin barci ƙwaƙwalwa ba ta riƙe komai, sai abin da aka rubuta. Daga nan kowace rana ta samu shafinta: magani da lokacin da aka ba shi, abin da ya ci ya sha, fitsari da bayan gida, awon da aka yi, lokutan da aka juya shi.

A zaɓi mutum ɗaya a gidan da zai zama mai riƙe da littafin. Ba lallai ya zama babba ba, a samu dai mai natsuwa da ke kusa kullum. Wanda zai tashi daga jinya ya zauna da mai karɓarsa minti biyar, su karanta shafin tare.

Mataki na biyu: a duba fata, dukkanta, kullum

Nan ne kunya ta fi yi mana ɓarna. Ɗa ba ya son kallon jikin mahaifinsa, suruka ba ta iya buɗe uwar mijinta, sai a riƙa goge jiki a gurguje ta ƙarƙashin zane ido na kallon bango. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma gyambon kwanciya a daidai wuraren da ake kawar da kai yake fitowa. Mafita ita ce a ware wanda ya dace: namiji ga namiji, mace ga mace, ko miji da mata. A rufe ƙofa, a nemi izini, a buɗe sashe ɗaya a duba a rufe, sannan na gaba. Ni nakan ce, "Baba, zan duba maka baya, ka yi haƙuri," ya gyaɗa kai, shi ke nan.

Wuraren da ƙashi ke danne fata a kan katifa su ne abin dubawa: ƙashin da ke saman ɗuwawu, gefen ƙugu biyu, diddige, idon sawu, tsakanin gwiwoyi, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya, da bayan kunne in yana sanye da robar iskar oksijin. A yi da rana kusa da taga, ko da tocila mai haske sosai.

Yawancin bayanan da za ka ji suna cewa a nemi inda ya yi ja. A baƙar fata ja ba ya cika fitowa. Abin da za ka gani shi ne wuri ya fi kewayensa duhu, kamar shuɗi ko ruwan makuba, ko yana sheƙi. Don haka hannu ya fi ido aiki a nan. Ka taɓa da bayan yatsunka, ka kwatanta da ɗaya gefen: ya fi ɗumi ko ya fi sanyi? Ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da kima? In majinyacin yana ji, yana yamutsa fuska in an taɓa? Duk wurin da ya canza kuma bai koma daidai ba bayan an ɗauke masa nauyi kamar rabin awa, gyambo ne ya fara, ko da fatar ba ta fashe ba.

In ka samu irin wannan, kada a murza shi da man zafi ko man kaɗe, murza tana ƙara lalata naman da ke ƙasa. A daina kwantar da shi a kan wurin gaba ɗaya. Ka ɗauki hoto da waya, ka ajiye murfin kwalba a gefe don a gane girmansa, ka sake ɗauka bayan kwana biyu. In ya fashe, ko yana wari, ko yana fitar da mugunya, ko ya yi baƙin ɓawo, sai ma'aikacin lafiya ya gani. Kada a barbaɗa masa garin kafso ko toka.

Wanda ba ya iya motsi da kansa ana juya shi kamar kowane awa biyu: dama, baya, hagu. A tokare bayansa da filo ya ɗan karkata, ba ya kwanta kai tsaye a kan ƙashin ƙugu ba. A sa filo ƙarƙashin sharaɓa yadda diddige zai rataye bai taɓa komai ba. A ɗaga shi da zanin gado mutum biyu, kada a ja shi. Kunzugu ya jiƙe a canza nan take, kuma kada fatarsa ta kwanta kai tsaye a kan leda, musamman a zafin Afrilu. Yayin da kake duba ƙafafu, ka kwatanta su. In ɗaya ta fi ɗaya kumbura, da ɗumi da ciwo a sharaɓa, yana iya zama gudan jini ne a jijiya. Wannan ma ba a matsa shi, asibiti ake kai shi a ranar.

Mataki na uku: magani

An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a kan maganin majinyaci hannu da yawa haɗari ne. Mutum ɗaya ya riƙa bayarwa a kowane zama, ya sa alama a littafi a lokacin da ya bayar, ba daga baya ba.

Sau ɗaya a sati ka juye duk abin da ke ɗakin a kan tabarma: na asibiti, na kemis, na gargajiya, da wanda masu dubiya suka kawo. Ka karanta ƙaramin sunan da ke ƙasan babban sunan kwali, domin shi ne ainihin maganin. Wannan ya taɓa ceton mu. Baba ya fara jiri da kasala duk lokacin da aka zaunar da shi, awon jininsa ya yi ƙasa sosai. Da muka juye jakar sai muka ga kwali biyu, launi daban, suna daban, amma a ƙasa duka an rubuta amlodifin, maganin hawan jini. Wanda asibiti ya bayar bai ƙare ba aka sayo wani, aka ɗauka sabon magani ne, kwana biyar yana shan ninki biyu. Haka yake faruwa da farasitamol: Panadol shi ne, kuma yana cikin yawancin magungunan mura. Babba ba ya wuce giram 4 a yini, tsoho maras nauyi ko mai ciwon hanta ƙasa da haka, kuma wuce gona da iri hanta yake lalatawa ba tare da wata alama a farko ba.

Akwai alamun da in sun fito bayan fara magani, ka fara zargin maganin kafin ka ce ciwon ne ya ƙaru. Bayan gida baƙi mai danƙo kamar kwalta, ko aman da ya yi kama da garin kofi, jini ne ke zuba a ciki. An fi ganin haka ga wanda ke shan maganin tsinka jini irin su asfirin ko wafarin aka ƙara masa diklofenak ko ibufurofen saboda ciwon gaɓoɓi. Maganin ƙarin jini ma yana baƙanta bayan gida, amma kada ka yanke hukunci da kanka, ka kira. Ƙuraje tare da zazzaɓi, jan ido da gyambon baki bayan Septrin, Fansidar ko wasu magungunan farfaɗiya, a tsayar da maganin a tafi asibiti nan take, domin fata tana iya saɓulewa. Kumburin leɓe ko harshe ga mai shan lisinofiril, maganin hawan jini, shi ma na gaggawa ne, kuma ya fi samun baƙar fata. In gudawa ko amai ya kama mai shan maganin hawan jini, maganin sa fitsari ko metfomin na ciwon suga, a tambayi likita ko za a dakata da su, saboda ƙoda.

Mai ciwon suga da ke kan insulin ko gilibenkilamaid, in ya sha magani bai ci abinci ba, suga yana iya faɗuwa: gumi, rawar jiki, faɗa ba dalili, surutai, barcin da ba a saba ba. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, kuma yana iya haɗiya, a dama cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa a ba shi, a sake awo bayan minti 15. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe a nufi asibiti. Tsofaffinmu sukan dage sai sun yi azumi. A zauna da su da likita da malami tun kafin watan ya kama, addini ya yi wa maras lafiya rangwame.

Abu biyu kuma da ake yawan mantawa. Ba kowace ƙwaya ake daka wa ba: wadda aka rubuta SR ko XR a kwalinta an yi ta ne ta narke a hankali, in aka daka sai ƙarfin yini guda ya shiga jiki lokaci ɗaya. Insulin kuma zafi yana kashe shi. In babu wuta a firji, a nannaɗe kwalbar a leda a ajiye a jiƙaƙƙen yashi cikin tukunyar ƙasa a inuwa, kada kuma a bari ya daskare.

Masu dubiya da alheri suke zuwa, kowa da abin da ya warkar da wani ɗan'uwansa. Ka karɓa ka yi godiya, ka ce sai an nuna wa likita. In kuwa ana ba shi na gargajiya, a rubuta a littafi a faɗa wa likitan gaskiya.

Mataki na huɗu: ci da sha

Bayan shanyewar ɓarin jiki maƙogwaro yakan yi rauni, abinci ya bi hanyar iska ya sauka huhu. Ka zauna gabansa ka kalle shi yana ci. Tari ko ƙwarewa a kan kowace kurɓa, hawaye, murya ta koma kamar mai kurkurar ruwa, abinci ya taru a kuncin ɓangaren da ya shanye, duk alamu ne. Wani ma ba ya tari sam, sai bayan kwana biyu a ga zazzaɓi da numfashi sama-sama.

A zaunar da shi sosai kafin a ba shi komai, cokali ƙarami, ba gaggawa, ba a sa shi magana. Ya ci gaba da zama rabin awa bayan ya gama. Mai gyangyaɗi ba a ba shi abinci. Ga da yawa ruwa tsinkakke ya fi kunu mai kauri wuyar haɗiya, don haka ka tambayi ma'aikatan asibiti irin kaurin da ya dace da shi. Ruwan tofi da na rubutu da Zamzam ma ruwa ne a wajen maƙogwaro. In yana ƙwarewa, a shafa masa a fuska da jiki, a jiƙa masa leɓe. A wanke masa baki safe da dare, domin dattin baki ne ke zama ciwon huhu in ya gangara.

In ta robar hanci ake ciyar da shi, ka sa alama a jikin robar daidai bakin hancin. Alamar ta matsa, ko ya yi amai mai ƙarfi, ko yana tari ana zubawa, a tsaya sai ma'aikaci ya tabbatar robar tana ciki.

Mataki na biyar: robar fitsari, allura da ƙarin ruwa

Jakar fitsari ta kasance ƙasa da mararsa kullum, ba a kan gado ba, ba kuma a yashe a ƙasa ba, robar kada ta lanƙwashe ƙarƙashin cinya. Ka rubuta abin da ka zubar. In a yini da kwana bai kai cikin ledar fiya wata ɗaya ba, wato rabin lita, ko awoyi sun wuce babu ɗigo kuma mara ta kumbura, ko akwai jini, ko rawar sanyi da zazzaɓi, a nemi taimako.

Duk wanda zai yi allura ko ƙarin ruwa a gidanka, kana da haƙƙin tambayar ko shi wane ne. Nas na gaskiya yana da lasisin Majalisar Nas-nas da Ungozoma ta Najeriya, kuma ba ya jin haushin tambaya. Ya wanke hannu, ya fasa sabon sirinji a gabanka, ya faɗi sunan abin da zai yi ka rubuta. Bayan ya tafi ka riƙa duba wurin: kumburi, zafi, tauri, ko jijiyar ta yi kamar igiya. Allurar ɗuwawu da ta sa raɗaɗi ya sauka har tafin ƙafa, ko ya fara jan ƙafar a ƙasa, ta taɓa jijiya. Ƙarin ruwa kuma ba maganin kasala ba ne. Ga mai ciwon zuciya ko ƙoda yana iya cika huhu. In ana cikin yi ya fara haki ya kasa kwanciya, a rufe a zaunar da shi.

Mataki na shida: awo da hankali

Ma'aunin zafin jiki, na'urar awon jini da agogon waya sun isa. Zafin da ya kai 38, ko ya sauka ƙasa da 36, abin lura ne. Bugun zuciya na mai hutawa tsakanin 60 da 100 yake a minti. Numfashi kuwa, wanda kusan kowa ke tsallakewa alhali shi ya fi saurin tona asiri, 12 zuwa 20 ne. Ka ƙirga tashin ƙirjinsa minti guda cif ba tare da ka gaya masa ba. In ya haura 24 yana kwance, akwai matsala. Lambar sama ta awon jini in ta faɗi ƙasa da 90, ko ta haura 180 tare da ciwon kai, ciwon ƙirji ko karkacewar baki, gaggawa ce. Mai na'urar yatsa ta awon oksijin ya san ƙasa da 92 abin tashi ne sai in likita ya ba shi wata iyaka, kuma na'urar takan nuna sama da gaskiya a baƙar fata, sanyin yatsa da fentin farce ma suna ruɗa ta. In lamba ta ce lafiya amma idonka ya ce a'a, bi idonka.

Tsoho yana iya ɗauke da mummunar cuta a jini jikinsa bai yi zafi ba. Abin da zai nuna shi ne ruɗewa farat ɗaya: jiya ya gane kowa, yau yana kiran matattu, yana fisge roba, ko ya yi shiru ya ƙi ci. Sai ka ji an ce tsufa ne, ko iska ce ta taɓa shi. Ruɗewar tsufa a hankali take zuwa cikin watanni. Wadda ta zo cikin kwana ɗaya, a nemi sanadinta a jiki: ciwon mafitsara, ciwon huhu, faɗuwar suga, ƙarancin ruwa, taurin bayan gida, ko sabon magani. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti a ranar.

Ɗakin kansa ma a zagaya shi. Tabarma mai naɗewa, wayar caji a ƙasa, santsin banɗaki, duhun dare, su ke kayar da mutum. In ya faɗi kada a yi saurin ciccibarsa. Ƙafar da ta gajarce ta juya waje karayar ƙugu ce, kuma buguwar kai ga mai shan maganin tsinka jini sai an duba ko da ya ce lafiya lau. Gashi da ruwan zafi a gaɓar da ba ta ji yana ƙona mutum bai sani ba, ka gwada da gwiwar hannunka tukuna. Gawayi a rufaffen ɗaki da janareto a bakin taga suna fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. In mutanen ɗaki duka suka tashi da ciwon kai, a buɗe ko'ina a fita.

Mataki na bakwai: in an gano

Da farko a tsayar da abin da ke cutarwar, a duba numfashi da hayyaci, a kira ma'aikacin lafiya ko lambar gaggawa 112, ko a kama hanya. Sannan a rubuta abin da ya faru da lokacinsa, a adana kwalin maganin.

Abin da ya fi wuya shi ne bakin mutanen gida. Ranar da aka gano maganin Baba ninki biyu, ƙanwata da ta sayo na biyun ta shige ɗaki tana kuka. Yayarmu ta bi ta ta ce, "Share hawayenki, da ba ki tuna ranar da kika sayo ba da har yanzu muna lalube." Da an yi mata faɗa a ranar, kuskure na gaba ɓoye shi za a yi. Ku tambayi yadda abin ya faru da abin da za a canza. Mu daga ranar muka koma rubuta ainihin sunan magani da manyan baƙaƙe a kan kowane kwali. Har kuskuren da aka kusa yi Allah ya kiyaye, a rubuta shi.

Ka riƙa samun lokacin da za ka keɓe da majinyacin ka tambaye shi ko akwai abin da ke damunsa. Tabon da ba a san asalinsa ba, ko ya riƙa firgita in wani mutum ya shigo, ba abin kawar da kai ba ne. Ka dubi mai jinyar ma: wadda ta yi wata tana kwana a zaune za ta manta magani, za ta yi tsawa ba da son ranta ba. A karɓe ta ta yi barci.

Illar magani ko maganin da ake zargin jabu ne ana kai rahotonsa ga NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta manhajarsu ta Med Safety ko ta fom ɗin da ke sashen magunguna na manyan asibitoci, kuma za a nemi lambar rukunin da ke jikin kwalin. Ranar komawa ganin likita kuwa, a ɗauki littafin, da hotunan fatar da ke waya, da jakar magungunan gaba ɗaya har da na gargajiya, a ɗora masa a kan tebur kafin ya fara rubuta sabo.